Wa'azi ko doka: me ke canza cimar mutane, kuma abincin lafiya shi ne abincin da ƙasa za ta iya ɗauka?

Tambaya: Kullum ana ce mana mu rage gishiri, mu rage sukari, yanzu kuma an ƙara da cewa mu rage nama saboda ɗumamar yanayi. Wa'azin nan yana aiki kuwa, ko sai gwamnati ta sa doka mutane ke canzawa? Sannan abincin da ke gyara jiki, shi ne dai wanda ba ya cutar da ƙasa da ruwa?

Amsa: Malam, tambayar taka biyu ce a haɗe, bari mu fara da ta farko. Wa'azi yana aiki, amma kaɗan, kuma yawanci a kan wanda dama yake da hali da lokacin bin sa. Abin da ya fi juya cimar al'umma shi ne abin da aka riga aka yanke kafin abinci ya iso kwano: nawa ake sayar da shi, yana kusa ko yana nesa, me kamfani ya zuba a ciki, wane amfanin gona gwamnati ta tallafa wa manomi ya shuka.

Gishiri ya fi komai nuna haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe. Matsakaicin abin da ake ci a duniya ya haura giram 10. Yawan gishiri yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya matsa wa jijiyoyi, daga nan sai hawan jini, sai shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da lalacewar ƙoda. To amma ta ina gishirin ke shiga? A ƙasashen da mutane suka dogara da burodi da naman gwangwani da abincin leda, kusan kashi uku cikin huɗu na gishirin yana cikin kayan tun daga masana'anta. Ko mutum ya jefar da kwalbar gishirin gidansa, bai rage abin kirki ba. Shi ya sa Birtaniya ta bi ta kan kamfanoni: aka yanka wa kowane irin kaya iyakar gishirinsa, aka riƙa sauke iyakar a hankali, shekara bayan shekara. Dabarar tana cikin wannan "a hankali" ɗin. Harshe yana sabawa da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, idan aka rage kaɗan-kaɗan mai saye ba ya ma lura. Daga 2003 zuwa 2011 abin da ɗan Birtaniya ke ci ya sauka daga giram 9.5 zuwa 8.1 a rana. Inda aka yi tuntuɓe shi ne tsarin na ganin dama ne, da aka sassauta sa ido aka bar wa kamfanoni ragamar, sai ci gaban ya tsaya. Afirka ta Kudu ta ɗauki darasi, ta mai da iyakar gishirin burodi da wasu kayayyaki doka tun 2016.

Inda kuwa ake girki a gida, gishirin a tukunya yake shiga, dokar masana'anta ba za ta taɓa shi ba. A Sin an gwada wata hanya a ƙauyuka 600, da mutum kusan 21,000: aka ba su gishirin da kashi 75 cikin 100 gishiri ne na yau da kullum, kashi 25 kuma sinadarin fotashiyam. Sakamakon da aka fitar a 2021 ya nuna shanyewar ɓarin jiki ta ragu da kashi 14 cikin 100. Ba a ce wa kowa ya canza girkinsa ba, abin da ke cikin cokalin aka canza. Sai dai a kiyaye, mai ciwon ƙoda da mai shan maganin da ke tara fotashiyam a jini kada su yi amfani da irin wannan gishiri sai da izinin likita, domin fotashiyam idan ya taru yana iya tsayar da zuciya. Kuma duk gishirin da za a saya ya zama mai sinadarin aidin, don kada a gudu daga hawan jini a faɗa wa maƙoƙo.

Labarin sukari ya ƙara nuna cewa yadda aka tsara doka ya fi sunanta muhimmanci. Shawarar Hukumar Lafiya ita ce sukarin da aka ƙara kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci, kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin kuzarin abinci), idan ya sauka zuwa giram 25 ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da kusan giram 35. Kuma sukarin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa, mutum zai sha ya kuma ci abincinsa cif. Meziko ta sa harajin feso ɗaya, wato kuɗin ƙasar, a kan kowace litar lemo a 2014, saye ya ragu da kusan kashi 6 a shekarar farko, kusan kashi 10 a ta biyu, kuma gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi ragewa. Birtaniya ta yi wayo fiye da haka. Ta ɗora harajin a kan kamfani, ta yi masa hawa biyu: lemon da ke da giram 5 zuwa 8 a kowace mililita 100 yana da nasa, wanda ya kai 8 yana da mafi tsada, wanda bai kai 5 ba kuwa babu komai. Aka sanar a 2016, aka fara karɓa a 2018. Cikin shekara biyun nan kamfanoni suka yi rige-rigen sauke sukarinsu ƙasa da layin, har sukarin da ke cikin irin waɗannan lemuka ya ragu da fiye da kashi 40 tsakanin 2015 da 2019. A ganinmu wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa a kwaikwaya, domin har wanda bai taɓa jin labarin harajin ba ya amfana.

Ba kowane haraji ne ke cin nasara ba. Danmak ta sa wa kitse haraji a 2011, ya hau kan man shanu da cuku da nama, lissafinsa ya yi wa 'yan kasuwa wuya, mutane suka riƙa tsallaka iyaka zuwa Jamus sayayya, bai kai shekara biyu ba aka soke shi. Ita wannan Danmak ɗin ce ta yi abin da duniya ta bi a 2003, da ta hana man da aka daskarar a masana'anta, wanda ake kira kitsen tarans, ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Bambancin a fili yake: kitsen tarans ba wanda ke marmarinsa, kamfani ne ke sa shi don biskit ya daɗe a kanti, akwai kuma abin maye gurbinsa. Cire shi bai taɓa al'adar kowa ba.

Ƙasar Cile kuma ta bi ta kan idon mai saye. Tun 2016 duk kayan da sukari, gishiri, kitse ko kalorinsa ya wuce iyaka dole ya ɗauki baƙin tambari a gaban leda, ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallata shi ga yara da zanen 'yan tsana. Sayen lemuka masu tambarin ya ragu da kusan kashi 24. Matsalar da ta biyo baya ita ce kamfanoni sun koma zuba sinadaran zaƙi marasa kalori don kauce wa tambarin, abin da ya sa Meziko, da ta kawo nata a 2020, ta ƙara gargaɗi a kan waɗannan ma.

Kada a ɗauka daga wannan cewa al'ada ba ta da tasiri. Al'adar girki ilimi ne da aka tara ƙarni bayan ƙarni, kuma ana gane darajarsa ne ranar da aka yar da shi. Mutanen da suka fara noman masara a Meziko suna dafa ta da ruwan farar ƙasa ko toka kafin su niƙa. Wannan yana sakin bitamin niyasin da ke ɗaure a cikin ƙwayar. Da masara ta tsallaka zuwa Turai, iri ya tafi, dabarar ta tsaya a gida, sai cutar felagira ta ɓarke a tsakanin talakawan Italiya da Sifen, daga baya kuma a jihohin kudu na ƙasar Amurka inda ta kashe dubun-dubatar mutane a farkon ƙarni na 20: fata ta ƙone, gudawa, ruɗewar hankali. Haka injin gyaran shinkafa ya yi a Asiya. Ya cire dusar da bitamin B1 ke ciki, farar shinkafa ta zama abin alfahari, cutar beriberi mai raunana jijiyoyi da zuciya ta kama sojojin ruwan Japan har sai da likitansu Takaki Kanehiro ya sa aka haɗa musu da sha'ir da sauran abinci a shekarun 1880. Rogo mai ɗaci kuwa sai an ɓare shi, an jiƙa kwana uku zuwa biyar ko an gurza an bar shi ya yi tsami, sannan a shanya, gubar da ke cikinsa ta fita. Lokacin fari ko yaƙi, idan yunwa ta sa aka gajarta wannan aiki, sai cutar konzo mai shanye ƙafafu ta bayyana, kamar yadda aka gani a Kwango da Mozambik.

Al'ada tana kuma iya zama ita ce cutar. A yankin Kareliya ta Arewa a Finlan, maza suna faɗuwa da ciwon zuciya tun suna da sauran ƙarfi, saboda man shanu, madara mai kitse, gishiri da taba. Shirin da aka fara a 1972 ƙarƙashin likita Pekka Puska bai tsaya ga rabon takardu ba. An shiga ƙungiyoyin matan gida aka sake fasalin girke-girken da suka saba, an lallashi masu yin tsiran alade da burodi su rage kitse da gishiri, an taimaka wa masu kiwon shanun madara su koma noman 'ya'yan itatuwa, an samar da man girki daga irin da ke yi a sanyin ƙasar. Cikin shekara arba'in mutuwar maza masu shekarun aiki ta ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80. Abin lura, an ba manomi mafita kafin a ce wa mai ci ya daina.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayin abincin kansa. A wani gwaji da aka wallafa a 2019, mai bincike Kevin Hall ya kwantar da mutum 20 a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, mako biyu suna cin abincin masana'anta da aka sarrafa ƙwarai, mako biyu suna cin wanda aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita sukari, kitse da gishirin da aka ajiye musu, aka ce kowa ya ci ya ƙoshi. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kalori kusan 500 a rana, suka ƙara kusan kilo ɗaya. Mutum ashirin ba su da yawa, amma gwajin an tsare shi sosai, kuma ana zaton abincin mai laushi da ake haɗiyewa da sauri yana riga saƙon ƙoshi isa.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. A mafi yawan lokuta hanyar ɗaya ce, amma akwai inda suke rabuwa. Samar da abinci yana fitar da tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na hayaƙin da ke ɗumama duniya, gwargwadon abin da aka lissafa a ciki, yana kuma shan kusan kashi 70 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da ƙarƙashin ƙasa. Wani babban nazari na 2018 da ya tattara bayanan gonaki kusan 38,700 a ƙasashe 119 ya auna hayaƙin da ake fitarwa don samar da giram 100 na furotin, wato sinadarin gina jiki: shanun nama kusan kilo 50, kaza kusan 6, ƙwai kusan 4, wake da danginsa ƙasa da kilo ɗaya. Dalili biyu ne. Dabbobi masu tuƙa suna gyatsar iskar mitan, wadda ke kama zafi fiye da hayaƙin mota nesa ba kusa ba, sannan ana sare daji don kiwo da noman abincinsu. Dabbobi suna cin kusan kashi 77 na ƙasar noma da kiwo, suna ba da kashi 18 kacal na kalorin duniya. Ta ɓangaren lafiya kuma, hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi a sahun abubuwan da ke jawo kansa a 2015, giram 50 kullum yana ƙara haɗarin kansar babban hanji da kusan kashi 18. Saboda haka wanda ke cin jan nama kullum, idan ya mai da kwana uku ko huɗu a mako na wake, ya kai giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana, ya bar hatsinsa da dusarsa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Sai dai wannan shawara ta mai yawan ci ce. Yaron da ke tsumburewa, da mace mai ciki da ke fama da ƙarancin jini, ƙwai da madara da ɗan nama magani ne a gare su, domin ƙarfen jini da bitamin B12 da ke ciki ba su da sauƙin samu daga tsiro. Akwai kuma ƙasar da ba ta nomuwa, busasshiya ko mai duwatsu, wadda dabba ce kaɗai ke iya mai da ciyawarta abinci. Sukari bai cika ɓata muhalli ba idan aka auna da kalorinsa, amma yana ɓata jiki. Kifi yana gyara zuciya, alhali fiye da kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in kifin teku da ake bibiya ana kama su fiye da yadda suke hayayyafa. Maganar nisan tafiyar abinci kuma an zuzuta ta: sufuri kusan kashi 6 ne kawai na hayaƙin abinci, sai fa abin da aka ɗauko a jirgin sama. Abin da ka ci ya fi inda ya fito nauyi a wannan lissafi.

Shinkafar fadama ma tana fitar da mitan, saboda ruwan da ke kwance yana hana iska shiga ƙasa. Maganinsa ba shi da tsada: a kafa bututu mai huda-huda tsawon santimita 30 a gona, a bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, sannan a sake ba da ruwa ya hau santimita 5. Lokacin fure kuwa ana barin ruwan a kwance, idan aka bar ta ta bushe a wannan lokaci tsabar ba za ta cika ba.

Dokar noma ita ce ta fi ɓoyuwa, kuma ita ta fi ƙarfi. Rahoton hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce gwamnatoci suna tallafa wa noma da kusan dala biliyan 540 a shekara, kuma kashi 87 na wannan yana karkatar da farashi ko yana cutar da lafiya da muhalli. Dubi jihar Funjab ta Indiya. Gwamnati tana sayen alkama da shinkafa a kan tsayayyen farashi, wutar famfon ban ruwa kyauta ce, sai kowa ya bar sauran amfanin gona ya koma shinkafa a ƙasar da ruwan samanta bai isa ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya yi ta nitsewa. A 2009 aka yi dokar jinkirta dashe don a jira damina, sai girbi ya matso kusa da lokacin shuka alkama, manoma suka rasa lokacin share gona suka koma cinna wa karan wuta, hayaƙin ya riƙa turnuƙe Delhi duk kaka. Gyara ɗaya ya haifi ciwo na gaba. Siri Lanka kuma ta yi gaggawa ta ɗaya ɓangaren: ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya a Afrilun 2021, ba tare da tanadin madadinsa ba, amfanin shinkafa ya faɗi, aka janye dokar kafin shekarar ta ƙare. Ciniki ma yana da hannu. Ƙasar Samowa, tsibirai a tekun Fasifik, ta hana shigo da gindin talotalo mai kitse a 2007 saboda ƙiba, amma sharaɗin shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2012 ya sa ta janye hanin. Wanda muke ganin ya yi dabara shi ne Burazil, da dokarta ta 2009 ta ce aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyar da 'yan makaranta a saye da shi daga ƙananan manoma, kuɗi ɗaya ya ciyar da yaro ɗanyen abinci ya kuma ba manomi kasuwa. Duk wannan yana da muhimmanci ne saboda a 2022 mutum kusan biliyan 2.8 ba su da halin sayen abinci mai gina jiki, ko da sun haddace duk shawarar likita.

Saura asara. Kusan kashi 13 na abinci yana lalacewa tsakanin gona da kasuwa, wani kashi 19 kuma ana zubar da shi a kantuna, gidajen abinci da gidaje, fiye da tan biliyan ɗaya a 2022, kuma kashi 60 na wannan daga gidaje ne. Faransa ta hana manyan kantuna lalata abincin da bai sayu ba tun 2016, Koriya ta Kudu kuma tana cajin gida gwargwadon yawan abincin da ya zubar. A gida, dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje, a sa shi a sanyin da bai kai digiri 5 ba, idan za a ɗumama ya yi zafi har ciki.

A wajen hatsi kuwa asara da cuta tushensu ɗaya, wato danshi. Masara ko gyaɗar da aka adana ba ta bushe ba tana yin fumfuna mai fitar da gubar aflatosin, wadda ke jawo kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Masara ta sauka zuwa kashi 13 na danshi kafin a ɗure ta, a shanya a kan tamfol maimakon ƙasa, a tsince fasassun ƙwayoyi da masu canjin launi, kuma kada a ba dabbar madara su, domin gubar tana bi ta nono. Wanda ba shi da na'urar awo ya zuba tsaba a busasshiyar kwalba da cokali biyu na busasshen gishiri, ya rufe, ya girgiza, ya bar ta minti goma sha biyar. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran shanya. Idan bai manne ba, a zuba a buhu mai hana iska shiga, mai ledoji a ciki, a ɗaure bakin kowace leda dabam, a ɗora a kan katako nesa da bango, kuma kada a riƙa buɗewa, domin ƙarewar iskar ce ke kashe ƙwarin da ke ciki.